I'izari Kafin Tara

Duk wanda ya taɓa zama a bencin kotun Musulunci a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya san wata gaɓa da ake kaiwa gab da ƙarshen shari'a. An gama jin shaidu, magatakarda ya cika shafuka, kowa a ɗakin ya hango inda hukunci ya dosa. Sai alƙali ya ɗago kai ya dubi wanda alamu suka nuna zai sha kaye, ya tambaye shi ko yana da sauran magana, ko wata hujja da bai kawo ba. Wannan shi ne i'izari. Galibi amsar ba ta wuce "Allah gafarta Malam, babu" ba, a rubuta, a wuce. Amma alƙalin da ya tsallake wannan tambaya ya yi aikin baban giwa, domin kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci saboda rashinta kawai, ko da kuwa wanda aka kayar ɗin ba shi da gaskiya ko ta sisin kwabo.

Abin da ya tuna mini da i'izari wata takarda ce da hukumar Ofcom ta Birtaniya ta fitar a watan Disamban 2010, tana neman ra'ayin jama'a kan sauya yadda take karɓar ƙorafi a kan gidajen rediyo da talabijin, da yadda take bincike, da yadda take hukunta su. Takarda ce irin ta ofis, ba gishiri ba magi. Sai dai abin da ke cikinta ya taɓa daidai wurin da ke yi mana ciwo a Najeriya, inda hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta shafe shekaru tana cin tashoshi tara, har kotu ta ce ba ta da hurumin yin haka.

Ofcom ta fara aiki ne a ƙarshen 2003, bayan an haɗe hukumomi 5 wuri guda, ciki har da masu kula da talabijin, da rediyo, da wayar tarho. Dokar sadarwa ta 2003 ta ba ta ikon rubuta ƙa'idojin watsa shirye-shirye da hukunta wanda ya karya su. Haƙoranta kuma ba na ado ba ne. A 2008 ta ci kamfanin ITV tarar fam miliyan 5.675 saboda gasannin da ake sa masu kallo su buga waya su biya kuɗi alhali an yi maguɗi a sakamakon. A 2009 ta ci BBC kanta fam 150,000 saboda wasu masu gabatar da shiri biyu, Russell Brand da Jonathan Ross, sun bar wa wani dattijon ɗan wasan kwaikwayo saƙonnin batsa a waya, aka kuma watsa su a rediyo. Kuɗin tarar ba ya shiga aljihun Ofcom, baitulmalin gwamnati yake tafiya, don kada mai yanke hukunci ya zama shi ne mai cin ribar hukuncin.

To me ya sa hukuma mai irin wannan ƙarfi ta ga sai ta sake tsari? Dalili na farko kuɗi ne. Gwamnatin David Cameron ta hau a 2010 da aniyar tsuke bakin aljihu, shi kansa Cameron tun yana adawa ya nuna yana ganin Ofcom ta yi ƙiba, aka kuwa zabge mata kasafi. Na biyu jinkiri. A tsohon tsari, bayan jami'an hukumar sun yanke hukunci, wanda bai gamsu ba yana iya neman wani kwamiti na cikin gida ya sake dubawa, sannan idan magana ta kai ga horo akwai wani kwamitin daban da zai zauna. Shari'a ɗaya sai ta yi ta yawo tsakanin tebura, har mutane su manta da shirin da ake magana a kai. Sabon tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Yunin 2011.

Sauyi na farko ya shafi yadda ake kallon ƙorafin kansa. Hukumar ta ce daga yanzu matsalar da aka taso da ita za ta duba, ba yawan masu kuka ko girman mai kukan ba. Idan mutum 10,000 suka rubuto kan jimla ɗaya da aka faɗa a shiri ɗaya, magana ɗaya ce, bincike ɗaya za a yi. Wannan ya rage mata aikin amsa wasiƙu ɗai-ɗai, amma ya kuma kare ta daga matsin gayya. An ga haka ƙarara shekaru 10 bayan nan. A watan Maris na 2021 Piers Morgan ya faɗa a shirin safe na ITV cewa bai yarda da abin da Meghan, matar Yarima Harry, ta faɗa game da halin ƙuncin da ta shiga ba. Ƙorafi sama da 50,000 suka kwararo, har da na Meghan ɗin da kanta. A watan Satumba Ofcom ta ce tashar ba ta karya ƙa'ida ba, domin sauran masu gabatarwa sun ƙalubalance shi nan take a cikin shirin, kuma hana shi faɗin ra'ayinsa zai zama tauye 'yancin magana. Surukar gidan sarauta da dubban magoya bayanta suka tashi hannu rabbana.

A ɗaya gefen kuma, ƙorafin mutum ɗaya tak ya isa. Maziar Bahari, ɗan jaridar mujallar Newsweek, an tsare shi a Iran a 2009, tashar Press TV ta nuna wani guntun hira da aka ɗauka da shi yana tsare, bisa tilas. Da ya fito ya kai kuka. A ƙarshen 2011 aka ci tashar fam 100,000, a watan Janairun 2012 kuma aka soke lasisinta bayan an gano cewa daga Tehran ake juya akalar shirye-shiryenta, ba daga kamfanin da ke riƙe da lasisin a Landan ba.

Sauyi na biyu shi ne wanda na kira i'izari, kuma a kansa nake so in daɗe. A wannan tsari, idan ƙorafi ya iso, wanda ake so ya iso cikin ranakun aiki 20 da watsa shirin, jami'ai za su fara tantance ko akwai abin bincike a ciki. Mafi yawan ƙorafe-ƙorafe a nan suke tsayawa. Idan akwai, sai a nemi faifan shirin daga tashar, kuma dole tashar ta ajiye shi: gidan rediyo kwana 42, talabijin kwana 60 ko 90 gwargwadon irin lasisinsa. Daga nan a rubuta wa tashar a faɗa mata takamaiman sashen ƙa'idar da ake zargin ta taka, a ba ta wa'adi, galibi ranakun aiki 10, ta yi bayani. Bayan an karanta bayaninta, ba a yanke hukunci tukuna. Sai a rubuta daftarin hukunci, wato ga abin da muke ganin za mu yanke, ga dalilanmu ɗaya bayan ɗaya, a aika mata, a sake ba ta wa'adi ta nuna inda aka yi kuskure. Sai bayan ta amsa ne ake yanke na ƙarshe.

Wanda bai taɓa karɓar wasiƙar hukuma ba zai iya ganin wannan ɓata lokaci ne. Amma bambancin da ke tsakanin "me za ka ce?" da "ga abin da muke shirin yanke maka, me za ka ce?" babba ne. A tambaya ta farko mutum yana harbi ne a duhu, bai san wace kalma ce ta tsone wa hukuma ido ba. A ta biyu yana ganin tunanin alƙalin a shimfiɗe. Yana iya cewa kun fassara wannan kalma ba daidai ba, ko kun saurari minti 3 ne kuka bar minti na 4 inda mai gabatarwa ya katse baƙon, ko wannan shiri na barkwanci ne kuma masu sauraro sun san da haka. Mu da ke aiki da Hausa mun fi kowa sanin haɗarin nan. Habaici, da zambo, da gatse, da ba'ar taubasai, idan aka kwashe su aka zuba a takardar Turanci aka miƙa wa wanda bai san garin ba, sai abin dariya ya koma barazana, wani lokacin kuma barazana ta gaske ta koma kamar wasa.

Amfanin daftarin bai tsaya ga tashar ba. Jami'in da ya san cewa lauyan tashar zai bi hujjarsa layi-layi kafin ta zama hukunci, dole ya zauna ya rubuta hujja ta gaske. Ba zai iya fakewa da "kalamai masu tunzura jama'a" ya sa hannu ya tafi gida ba. Sai ya kawo kalaman, da lokacin da aka faɗe su, da abin da ya gabace su, da dalilin da ya sa yake ganin sun ƙetare iyaka. Bayan an gama kuma ana wallafa hukuncin gaba ɗaya a wata mujallar hukumar da kowa zai iya karantawa a intanet, tare da bayanin da tashar ta bayar don kare kanta. Editan wata ƙaramar tasha a Bradford zai iya karanta abin da ya sami takwaransa a Birmingham ya san inda layin yake tun kafin ya taka shi.

Samun tasha da laifi kuma daban, hukunta ta daban. Akasarin lokuta wallafa laifin shi ne iyakar horon. Ba a shiga maganar tara sai laifin ya yi muni, ko an yi shi da gangan, ko da ganganci, ko an maimaita shi. Idan an kai nan sai a sake sabon zagaye: wani daftarin na horo, wani wa'adin, har da damar tashar ta zo ta yi bayani baki da baki. Matakan horon ma hawa-hawa ne. Ana iya hana maimaita shirin, ko a tilasta wa tashar ta karanta hukuncin da bakinta a lokacin da hukumar ta zaɓa, ko tara, can ƙarshe kuma soke lasisi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na tashar Loveworld ta Fasto Chris Oyakhilome, wadda ke da lasisi a Birtaniya. A 2020, ana tsakiyar annobar korona, ta watsa iƙirarin cewa cutar na da alaƙa da fasahar 5G. Ofcom ta same ta da laifi, ta umarce ta da ta watsa sanarwar hukuncin. Ba a karɓi ko fam ɗaya ba a wannan karon. Da tashar ta sake, a wani dogon shirin addu'a na sama da kwana guda a watan Disamba, sai aka ci ta fam 125,000 a watan Maris na 2021. Mutum na iya ƙin hukuncin, amma ba zai ce an yi wa tashar kwanton ɓauna ba.

Akwai lokacin da ba a jira. A azumin 2017 wata ƙaramar tashar al'umma a Sheffield, Iman FM, ta cike gurbin shirin safe da jerin laccocin Anwar al-Awlaki, wanda Amurka ta kashe a Yaman a 2011. Masu tashar sun ce daga intanet suka sauke, ba su san tarihin mutumin ba, ba su kuma saurari duka ba kafin su sa. Duk wanda ya san yadda ake cike awannin azumi da kaset ɗin wa'azi a tashoshinmu zai ji gabansa ya faɗi. Ofcom ta ga akwai kira ga tashin hankali a ciki, ta dakatar da lasisin nan take. Duk da haka ta ba su kwana 21 su kawo hujjarsu, sannan ta soke lasisin a watan Yuli. Ko a cikin gaggawa an yi i'izarin, sai dai an yi shi bayan an kashe makirufo.

Sai dai gyaran na 2011 bai zo kyauta ba. A madadin daftarin hukunci, an soke matakin sake dubawa na cikin gida, an kuma rushe kwamitin horo. Hujjar hukumar ita ce tunda an ba ka dama tun kafin hukunci, babu buƙatar wata damar bayansa. Wanda bai gamsu ba sai ya nufi babbar kotu ya nemi ta duba halascin matakin. A nan ne ban bi su ba. I'izari ba ya maye gurbin ɗaukaka ƙara. Alƙalin da ya tambaye ka sauran magana zai iya saurarenka da kyau ya kuma yi kuskure. Kuma babbar kotu a Landan ba wurin talaka ba ce. Kotun ma ba ta sake sauraron shirin ta ce ga ra'ayinta, abin da take dubawa shi ne ko hukumar ta bi doka da hanya.

An ɗauki shekaru kafin a ga wanda ya kayar da Ofcom ta wannan hanya a kan irin wannan batu. Ranar 9 ga Mayun 2023, Jacob Rees-Mogg, ɗan majalisa mai ci a lokacin, yana gabatar da shirinsa a tashar GB News sai labari ya shigo cewa masu taya alƙali yanke hukunci a New York sun yanke a ƙarar da E. Jean Carroll ta kai Donald Trump. Ya karanta labarin da bakinsa. Ofcom ta ce ya zama mai karanta labarai, alhali ƙa'ida ta 5.3 ta hana ɗan siyasa wannan aiki. Tashar ta garzaya kotu. A ƙarshen Fabrairun 2025 mai shari'a Collins Rice ta soke hukuncin, ta ce ƙa'idar kamar yadda aka rubuta ta shafi shirin labarai ne, ba shirin sharhi kan al'amuran yau da kullum ba. Abin da ya burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Ofcom ta karɓi hukuncin, ta janye wasu matakan makamantansa, sannan a watan Mayu ta fito da shawarar gyara ƙa'idar ta nemi ra'ayin jama'a, daga bisani ta bar ƙa'idar yadda take ta gyara bayanin da ke tare da ita. Amma GB News tana da attajirai a bayanta. Da tasha irin Iman FM aka yi wa wannan kuskuren fassara, da sai dai ta haɗiye.

Kada kuma a ɗauka Ofcom ta tsira daga hannun 'yan siyasa. Minista ne ke naɗa shugabanta. A 2021 gwamnatin Boris Johnson ta so ta ɗora Paul Dacre, tsohon editan jaridar Daily Mail. Kwamitin tantancewa ya ce bai dace ba, gwamnati ta sake buɗe neman daga farko, har shi Dacre ya janye da kansa. Ko'ina mai mulki yana son makirufo ya yi masa ladabi. Abin da tsarin ya yi shi ne ya sa biyan wannan buƙata ya yi wuya, domin duk wanda ke kan kujerar sai ya bi ta kan daftari da wa'adi da hujja a rubuce.

Mu dawo gida. An kafa NBC da dokar soja mai lamba 38 ta 1992, lokacin da aka buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu. Shugaban ƙasa ne ke naɗa babban daraktanta, shi ne kuma ke amincewa da lasisi, minista kuma yana da ikon ba ta umarni. Kundin ƙa'idojinta yana da babi na ƙorafi da rukunan horo, kuma hukumar kan ce ta sha yin gargaɗi kafin ta ɗauki mataki. Amma ga abin da jama'a suka gani. Ranar 1 ga Maris na 2019 an ci tashoshi 45 tarar naira 500,000 kowacce a rana ɗaya. A 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya zuwa naira miliyan 5, aka kuma fara da tashar Nigeria Info saboda hirar da ta yi da marigayi Obadiah Mailafia. A watan Oktoban shekarar aka ci Channels da AIT da Arise miliyan 3 kowacce kan rahotannin zanga-zangar EndSARS. A farkon 2022 aka dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM, shirin da dubban Hausawa ke jira. A ƙarshen Yulin 2022 ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya faɗa a bainar jama'a cewa za a hukunta waɗanda suka nuna shirye-shirye kan 'yan bindigar Zamfara. Ba a cika mako ba sai ga tarar miliyan 5 a kan Trust TV, da kamfanonin da suka ɗauko shirin BBC kan batun. A watan Maris na 2023 Datti Baba-Ahmed ya yi hira da Channels ranar 22, kafin watan ya ƙare an ci tashar miliyan 5.

Ban ce duk waɗannan tashoshi ba su da laifi ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma idan minista ya sanar da hukunci kafin hukuma ta rubuta wasiƙa, ko da laifin na gaske ne babu mai yarda. Ƙungiyar Media Rights Agenda ta kai ƙara, ranar 10 ga Mayun 2023 mai shari'a James Omotosho na babbar kotun tarayya a Abuja ya soke tarar tashoshi 45 ɗin, ya kuma hana hukumar sake cin tara. Dalilansa biyu ne: ikon shari'a na kotuna ne a ƙarƙashin sashe na 6 na kundin tsarin mulki, sannan hukumar ta zama ita ce mai ƙara ita ce alƙali, ba tare da ta ji ta bakin tashoshin ba. A watan Janairun 2024 mai shari'a Rita Ofili-Ajumogobia ta yanke makamancin haka a kan tarar Trust TV da sauran.

'Yan jarida sun yi murna, ni ma na yi, amma da sauran rina a kaba. Tara ita ce tsakiyar tsani. Idan aka cire ta aka bar gargaɗi a ƙasa da rufe tasha a sama, mai son hukunci zai tsallaka ne zuwa sama. Kuma inda hukuma ta rasa martaba wasu kan shigo su yi aikinta da ƙarfin tsiya, kamar yadda gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi a watan Oktoban 2022 saboda sun ɗauki taron 'yan adawa, abin da NBC da kanta ta ce ba hurumin jiha ba ne. Idan majalisa za ta gyara dokar hukumar, abin da ya kamata a rubuta cikin dokar kanta, ba cikin kundin da za a iya sauyawa da rana tsaka ba, shi ne kwanakin da tasha ke da su, da wajibcin nuna mata daftarin hukunci, da raba mai bincike da mai yankewa, da wallafa dalilai. Wurin ɗaukaka ƙara kuwa gara mu leƙa Afirka ta Kudu, inda kwamitin ƙorafi na hukumar ICASA mai kula da watsa shirye-shirye doka ta ce sai alƙali ko gogaggen lauya ne zai shugabance shi, kuma tashoshin suna da nasu zauren ƙorafi tun 1993 wanda mai sauraro ke zuwa ba tare da ya ɗauki lauya ba.

Mai sauraron nan shi ne wanda muke mantawa da shi a duk wannan taƙaddama. Muna magana kamar rigimar tsakanin gwamnati da masu tashoshi ce kaɗai. Na taɓa zama a ɗakin watsa shiri na wata tashar FM da dare, lokacin shirin siyasa da aka saya. Wani sojan baka ya gyara hula ya matso da makirufo, furodusa na bayan gilashi, yatsansa a kan maɓallin rage murya. Duk lokacin da mutumin ya doshi sunan gwamna sai furodusan ya ɗaga hannu, mai gabatarwa ya ce, "Alhaji, a kiyaye mana, kada a ja mana wasiƙa daga Abuja." Da ya juya kan wani shugaban makarantar firamare a ƙauyensu, ya ambaci unguwarsa, ya ce ya sayar da kwanon rufin azuzuwa ya ƙara aure, yatsan bai motsa ba. Babu wanda ke tsoron wasiƙa saboda hedimasta.

Bayan kwana 9 malamin ya zo tashar a kan babur, da ɗansa a baya, riƙe da takardar da ke nuna cewa iska ce ta yaye rufin tun damina kuma ya kai rahoto ofishin ilimi. Bai san akwai wata hukuma da ake kai wa irin wannan kuka ba, bai kuma zo neman diyya ba. Ya ce wa mai gadi yana son ganin manaja, ya jira awa biyu a ƙarƙashin dalbejiya. Da aka shigar da shi ya ce, "Ranka ya daɗe, so nake a ba ni abin da aka faɗa in ji da kunnena, don ni labari aka ba ni a masallaci." Manajan ya aika a duba kwamfuta. Yaron da aka aika ya dawo ya ce ma'ajiyar ta cika tun ranar Litinin, an goge na makon jiya an ɗora sabo a kai.